Musulmi a Teburin Sifaniya: Al'adun Gidan Abinci da Iyakokin Halal

Muna farawa da sunan Allah, Wanda Ya ba bayinSa damar tafiya a bayan ƙasa, muna kuma salati da sallama ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, a wannan mako shafin namu zai leƙa ƙasar Sifaniya, ƙasar da ta yi mana nisa a taswira amma take kusa da mu a tarihi, kuma za mu shige ta ta ƙofar da dole kowane matafiyi ya bi, wato ƙofar gidan abinci.

A shekarar 2024 baƙi sama da miliyan 90 ne suka shiga Sifaniya. A cikinsu akwai Musulmi masu yawa: wasu sun je ganin fadar Alhamra a Garnaɗa da tsohon masallacin Ƙurɗuba, wasu karatu ko kasuwanci ko taro ya kai su, wasu kuma kallon ƙwallo a Madrid ko Barcelona. Kowannensu yunwa za ta kai shi gaban teburi sau biyu ko uku a rana, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Tarayyar Turai samar da naman alade, inda kuma ake ɗaukar giyar inabi abokiyar tafiyar abinci kamar yadda muke ɗaukar ruwa. Matafiyin da bai shirya ba yakan faɗa ɗayan ramuka biyu. Ko dai ya ci haram bai sani ba, ko kuma tsoro ya sa ya yini a kan biskit da lemon kwalba, yana ɗaure wa masu masaukinsa fuska har su zaci addininsa ne ya koya masa haka. A tsakanin ramukan nan akwai hanya mai faɗi, guzurinta kuwa shi ne sanin al'adar mutanen, da haddace 'yan kalmomi, da tambaya cikin ladabi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Agogon cikin mutanen Sifaniya

Abin da ke fara rikita baƙo shi ne lokaci. Karin kumallonsu mara nauyi ne, yawanci gahawa da madara da gasasshen burodi da aka shafa wa tumatir da man zaitun. Babban abincin yini, wanda suke kira comida, ana zama a kansa ne tsakanin ƙarfe 2 da 4 na rana. Abincin dare kuwa, cena, ba a fara shi sai wajen ƙarfe 9, yakan kuma kai 11. A tsakanin nan, daga wajen ƙarfe 4 zuwa 8 ko 8 da rabi, madafar mafi yawan gidajen abinci a rufe take, ko da ƙofar a buɗe take ana sayar da abin sha. Wanda ya shiga da ƙarfe 6 na yamma yana neman abinci mai nauyi, da wuya ya samu sai a wuraren da aka kafa don 'yan yawon buɗe ido, inda tsada ta fi daɗi yawa.

Wannan jinkiri yana da dalili. Sifaniya tana kan layin rana ɗaya da Ingila, amma a watan Maris na 1940 gwamnatin Janar Franco ta tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya ya yi daidai da na tsakiyar Turai, kuma ba a sake mayar da shi ba. Mutane sun ci gaba da cin abinci da rana, agogo ne ya wuce su. Wannan ya shafi lokutan sallah kai tsaye. A Madrid, a lokacin zafi, Azahar ba ta shiga sai bayan ƙarfe 2, daidai lokacin da ake zama cin abinci, Magariba kuma a ƙarshen watan Yuni takan kai kusan 10 saura kwata na dare. Tun da zaman abincinsu yakan ɗauki awa biyu ko fiye, ya kamata mutum ya tsara sallarsa kafin ya zauna, matafiyi kuma ya san rangwamen ƙasaru da haɗa salloli da shari'a ta yi masa. Idan azumi ya faɗo a lokacin sanyi, rana kan faɗi madafai ba su buɗe ba, don haka mai azumi ya riƙe dabino da ruwa a jakarsa, ko ya nufi masallaci, inda ake yawan buɗa baki da harira, miyar mutanen Maroko, waɗanda su ne suka fi yawa a cikin Musulmin ƙasar. A kuma lura cewa gidajen abinci da dama ba sa buɗewa daren Lahadi da ranar Litinin, wasu kuma sukan rufe makonni a watan Agusta.

Kanta, teburi da farfajiya

Wurin da suke kira bar ya fi abin da muke kira mashaya faɗi. A nan ma'aikaci ke karya kumallo, tsoho ke karanta jarida, iyali ke zama da 'ya'yansu, ko da yake ana sayar da giya a cikinsa. A irin wannan wuri akan sami mazauni uku: gaban kanta, da teburan ciki, da teburan waje a bakin titi, waɗanda sau da yawa ake ƙara musu kuɗi kaɗan. Mai shiga yakan gaida mutanen wurin da "Hola, buenas", a gidan abinci na sosai kuma yakan jira a nuna masa teburi. A manyan birane ana kama wuri tun kafin a zo, musamman ranakun Asabar da Lahadi.

Abinci na zuwa ta siga uku. Tapa ɗan ƙaramin faranti ne na ɗanɗano. Ración babban faranti ne da ake ajiyewa a tsakiya kowa ya sa hannu. Sai menú del día, abincin rana na ranakun aiki mai farashi ɗaya, wanda ya samo asali daga wani tsari da gwamnati ta kafa a tsakiyar shekarun 1960 don masu yawon buɗe ido. Ya ƙunshi faranti na farko, da na biyu, da burodi, da abin sha, da kayan zaƙi ko gahawa, kuma a mafi yawan wurare bai kai Yuro 20 ba. Abin shan da ke cikinsa sau da yawa giya ce idan ba a yi magana ba, saboda haka sai mutum ya ce ruwa yake so ko lemo. Tun daga 2022 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba da ruwan famfo kyauta ga duk wanda ya nema, sunansa agua del grifo.

A Garnaɗa da Almeriya da wasu garuruwa, duk wanda ya sayi abin sha akan haɗa masa da tapa kyauta, kuma sau da yawa mai hidima ne ke zaɓa. Tun lokacin neman abin shan ya kamata a gaya masa abin da ba a ci, don kada kyauta ta dawo madafa ba a taɓa ba. A yankin Basque na arewa, kamar birnin San Sebastián, akan jera 'yan yankan burodi a kan kanta da abubuwa a kansu an soke da tsinke. Suna da ban sha'awa, amma a ƙarƙashin kifi ko barkono akan ɓoye yankan alade siriri, don haka ido kaɗai ba ya isa.

Gadon Andalus a cikin faranti

Musulmin da ya zauna a wannan teburi ya sani rabin abin da ke kansa gadon gidansu ne. Daga shigar Ɗariƙu bin Ziyad a 711 zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492, kusan shekara 800 ke nan ana mulkin Musulunci a wani sashe na wannan ƙasa, kuma harshensu har yau yana ba da shaida. Shinkafa arroz suke ce mata, daga arruzz na Larabci. Mai aceite ne, daga azzait. Ɗan zaitun aceituna, sukari azúcar, za'afaran azafrán, yalo berenjena, dunƙulen nama albóndiga. Tafkin Albufera da ke kusa da Balansiya, inda ake noman shinkafar paella, sunansa daga albuhaira ne, wato ƙaramin teku. Masana tarihi suna jingina wa Ziryab, wanda ya iso Ƙurɗuba daga gabas a 822 zamanin Abdurrahman na Biyu, tsarin fara cin abinci da miya, a bi da nama ko kifi, a rufe da kayan zaƙi, da kuma yaɗa shan ruwa a kofin gilashi. A ƙarni na 13 Ibn Razin Attujibi, mutumin Mursiya, ya rubuta littafi sukutum a kan girke-girken Andalus, kuma littafin yana nan har yau.

Akwai ma abin da zai sa Bahaushe murmushi. A Balansiya abin shan da ake alfahari da shi a lokacin zafi shi ne horchata, wanda ake yi da wani ɗan tsiro da suke kira chufa. Chufa ita ce aya, horchata kuma ɗan'uwan kunun aya ne, ruwa da aya da sukari. Garin Alboraya ya shahara da nomanta, amma abin da suke nomawa ba ya isar kasuwa, shi ya sa ake shigo da aya daga Nijar da Mali da Burkina Faso.

Yadda alade ya mamaye madafa

Ɗaya rabin teburin kuma wani tarihin ne ya gina shi. Kiwon alade daɗaɗɗe ne a wannan yanki tun zamanin Rumawa, amma bayan 1492 ya ɗauki wata ma'ana. A farkon ƙarni na 16 an tilasta wa Musulmin da suka rage shiga Kiristanci, kotunan binciken aƙida kuma suka riƙa bibiyar waɗanda ake zargi suna ɓoye Musuluncinsu. Ƙin cin alade, da girki da man zaitun maimakon kitsensa, suna cikin alamomin da ake kafa hujja da su a kan mutum. A 1504 wani malamin Malikiyya, Ahmad bin Abi Jumu'a Almagrawi, ya aika musu da fatawar da aka sani da fatawar Wahran, inda ya yi musu rangwamen cewa idan aka tilasta musu cin alade ko shan giya su yi, matuƙar zukatansu suna ƙi kuma suna riƙe da haramcinsa. Daga 1609 zuwa 1614 aka kore su daga ƙasar gaba ɗaya.

Mun kawo wannan ne don mai karatu ya auna bambanci. Waɗancan bayin Allah sun sayi ƙin cin alade da rayukansu da gidajensu. Baƙon yau babu mai tilasta masa komai. Tun 1992 gwamnatin Sifaniya ta ƙulla yarjejeniya da Hukumar Musulunci ta ƙasar, wadda ta zama doka, kuma a cikinta an amince da kalmar halal. Musulmin ƙasar sun haura miliyan 2, akwai kuma cibiyar Instituto Halal a Ƙurɗuba mai ba da shaidar halacci. Wanda jimla ɗaya za ta raba shi da haram ba shi da hujjar larura. Haka nan mai hidimar da ke tsaye a gabansa ba shi ya kori kowa ba, kuma bai cancanci a huce masa haushin tarihi ba.

Haramcin alade a fili yake a aya ta 173 ta Suratul Baƙara da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, tare da mushe da jini. Wahalar ita ce gane shi, domin yana da sunaye da yawa. Cerdo shi ne alade. Jamón, ana furta shi hamon, cinyarsa ce da aka busar da gishiri, wadda ake gani a rataye a saman kanta. Chorizo, salchichón, sobrasada, lomo, panceta, tocino, lacón da beicon duk shi ne. Morcilla jininsa ne da aka dafa a hanji. Cochinillo, abin alfaharin Segobiya, ɗan alade ne gasasshe. Duk inda aka ga kalmar ibérico, irin aladen ƙasar ake nufi. Manteca kuma kitsensa ne.

Abin da ya fi haɗari shi ne wanda ba a rubuta ba. A idon mai girki da yawa, ɗan jamón da aka barbaɗa kayan ɗanɗano ne, ba ya ƙidaya shi cikin nama, don haka wanda ya ce "ba na cin nama" zai iya samun farantin ganye da shi a kai. Salmorejo, miyar tumatir mai sanyi ta Ƙurɗuba, da shi ake yi mata ado. Wake da ganyaye sau da yawa da romon ƙashinsa ake dafa su, haka nan cocido na Madrid da fabada ta Asturiyas. Croquetas da ba a faɗi abin da ke cikinsu ba, mafi yawa na jamón ne. A garin Elche mai dubban itatuwan dabino da suka samo asali tun zamanin Musulmi, shahararriyar tapa ita ce dabino da aka naɗe da kitsen alade. Kayan zaƙi ma ba su tsira ba: ensaimada ta tsibirin Mayorka, da mantecados da polvorones da ake ci lokacin Kirsimeti, a al'ada da kitsen alade ake kwaɓa su. A kudu akan shafa wa burodin safe wani jan abu mai suna manteca colorá, wanda baƙo zai iya ɗauka tumatir ne. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta bayyana abubuwa 14 masu tayar da rashin lafiya ga wasu mutane, kamar gyaɗa da ƙwai da madara, amma alade ba ya cikinsu. Saboda haka alamomin da ke gefen takardar abinci ba za su yi wa Musulmi wannan aiki ba.

Ga jimlolin da ya kamata a haddace ko a rubuta a waya: "No como cerdo", ba na cin alade. "¿Lleva jamón, chorizo o manteca?", akwai waɗannan a ciki? "¿Lleva vino o alcohol?", akwai giya a ciki? A ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya, a kuma tambayi romon da aka dafa abincin da shi, wato caldo. Game da kwanuka, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Sa'alaba Alkhushani ya tambayi Manzon Allah (SAW) a kan kwanukan Ahlul Kitabi, aka shiryar da shi ga amfani da wasu idan ya samu, idan bai samu ba ya wanke su ya ci. Farantin gidan abinci wankakke ne. Abin lura shi ne faifan ƙarfen da ake gasa komai a kansa, da man suya da ake tsoma kifi da croquetas a ciki. Roƙon a goge faifan ko a yi amfani da kasko daban abu ne da suka saba ji daga masu larurar lafiya.

Giya a kofi, giya a tukunya

Sunayen abin sha ma suna yaudara. Sangría da tinto de verano suna kama da zoɓo mai ƙanƙara, amma giyar inabi ce. Clara giya ce da aka sirka da lemo. Carajillo gahawa ce da aka zuba wa barasa. Bayan an gama cin abinci mai gida yakan kawo ɗan ƙaramin kofi kyauta, chupito, shi ma barasa ne, sai a yi godiya a ƙi karɓa. Mosto a yawancin ƙasar ruwan inabi ne mara maye, amma a yankin Kadis da Ishbiliya sunan sabuwar giya ne. Giyar da aka rubuta wa sin, wato maras barasa, doka ta yarda ta ƙunshi abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

A tukunya kuwa, wutsiyar sa ta Ƙurɗuba, rabo de toro, da jar giya ake dafa ta. Duk abincin da sunansa ya ƙare da al vino, al jerez ko a la sidra, giya ya sha. Wanda ya ƙare da a la marinera yakan ƙunshi farar giya. Za a ce wa baƙo wuta ta ƙone ta, amma dafuwa ba ta kawar da ita gaba ɗaya, kuma jumhurun malamai suna ganin giya najasa ce da ke ɓata abin da ta shiga. Ruwan khal hukuncinsa daban ne, domin ya riga ya canza ya bar maye, malamai da dama kuma sun halatta sayensa daga waɗanda ba Musulmi ba.

Saura batun zama. Tirmizi da Ahmad sun ruwaito hani ga mumini ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Wasu malamai sun bambanta tsakanin teburin mutum na kansa da sauran teburan ɗakin, wasu kuma sun fi son a nisanci wurin muddin akwai wani. Wanda aiki zai haɗa shi da abokan hulɗa ya tambayi malaminsa tun yana gida. Dabara mai kyau ita ce ya riga su gayyata, ya zaɓi gidan abinci na halal ko ganawar gahawa da safe. Idan aka gayyace shi, ya faɗi uzurinsa tun kafin ranar, kada ya bari sai an zuba masa a kofi.

Naman da ba alade ba

Kaza da rago da sa fa? Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi, kuma malaman Andalus kansu sun yi dogon bayani a kanta. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na Ishbiliya, wanda ya rasu a 543 bayan Hijira, ya faɗaɗa rangwamen har ya haɗa da kazar da Kirista ya murɗe wa wuya idan a addininsu abinci ce, amma malamai da yawa sun yi masa raddi, suna cewa abin da zai zama mushe a hannun Musulmi ba zai halatta a hannun wani ba. A yau dokar Turai ta wajabta sumar da dabba kafin yanka, ta kuma keɓe yankan addini. Mai cin naman da ba shi da shaida bai san wanda ya yanka ba, bai kuma san ko dabbar tana da rai a lokacin ba. Abin da muke gani ya fi kuɓutarwa shi ne a bar nama sai inda aka tabbatar da halaccinsa, kuma wuraren suna nan: unguwar Lavapiés a Madrid, da Raval a Barcelona, da titin Calderería Nueva a gindin unguwar Albaicín ta Garnaɗa, da kewayen manyan masallatai.

Wanda ya bar nama bai yi asara ba, domin teku ta kewaye mafi yawan ƙasar. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya tabbatar da tsarkin ruwan teku da halaccin abin da ya mutu a cikinta, kuma ruwayar Muwaɗɗar da ake karantawa a zaurukanmu ta Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba. A Malikiyya duk dabbobin teku halal ne, Hanafiyya ce ta taƙaita a kan kifi. Akwai soyayyen kifi na Kadis, da sadin da ake gasawa a tsinke a bakin tekun Malaga, da jatan lande a man zaitun da tafarnuwa, da paella ta kayan teku, wadda a al'ada abincin rana ce. Akwai tortilla de patatas, wainar ƙwai da dankalin turawa, da gazpacho, da soyayyen yalo da zuma, da alayyafo da wake irin na Ishbiliya. Ko a waɗannan, tambaya ɗaya a kan romo da giya ba ta ɓata komai.

Ladabinsu da ladabinmu

Karin maganarmu ta ce idan ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Maganar tana aiki a kan al'ada, tana tsayawa a bakin iyakar shari'a, kuma mafi yawan al'adun teburinsu ba su saɓa wa komai ba. Ana jira a kawo wa kowa kafin a fara. Ana cewa "Que aproveche", wato a ci lafiya, har ga baƙon da ke teburin kusa. Hannuwa suna zama a kan teburi inda ake ganinsu. Burodi akan ajiye shi a gefen faranti, ana tura abinci da shi. Mai hidima ana kiransa da ɗaga hannu da kalmar "perdone". Tsaki da tafi da kaɗa yatsu cin mutunci ne a wurinsu.

Cin abinci daga faranti ɗaya ya dace da abin da muka sani. Wasiyyar da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Umar bin Abi Salama yana yaro ta ƙunshi ambaton sunan Allah, da ci da dama, da cin abin da ke gaban mutum, kuma duka ukun suna yiwuwa a nan ba tare da an jawo ido ba. Turawa suna riƙe cokali mai yatsu da hagu, amma wanda ya yanka abincinsa ya mayar da cokalin dama babu mai tanka masa. Lomar ƙarshe da ta rage a faranti suna kiranta ta kunya, kowa yana kara ya bar wa wani, abin da ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Idan aka kawo abin da bai yi wa mutum ba, ya tuna Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in ya so ya ci, in bai so ba ya bari. Jamón abin alfahari ne a wurinsu, mai gidan da ya miƙa shi karramawa yake nufi. Amsar da ta dace godiya ce da gajeren bayani, babu yatsine fuska, babu wa'azin da ba a nema ba. A wajen gaisuwa kuma, al'adarsu ce namiji da mace su haɗa kumatu sau biyu. Wanda ya riga ya ɗora hannu a ƙirji da murmushi da kyakkyawar kalma ya fita kunya, bai kuma kunyata kowa ba.

Bayan an share faranti

Idan an gama ci ba a tashi. Akwai zaman da suke kira sobremesa, hira a kan teburi da gahawa, wadda takan kai awa guda, kuma a nan ake ƙulla abota da ciniki. Mai hidima ba ya kawo takardar kuɗi sai an nema da "La cuenta, por favor", domin kawo ta ba a tambaya ba tamkar kora ce. Farashin da ke rubuce ya haɗa da haraji, burodi kuma a wurare da yawa ana cajinsa. Wanda ya ce "te invito" shi zai biya, kuma ana sa ran a rama masa wata rana. Abokai sukan raba kuɗin daidai wa daida, a nan sai Musulmi ya nemi biyan nasa daban tun farko, don kada kuɗinsa ya shiga na giya. Tukuici ba dole ba ne. Akan bar 'yan canji, ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 idan hidimar ta yi kyau, kuma wanda ya sa mai hidima zirga-zirga zuwa madafa don tambayoyinsa ya fi kowa cancantar ya kyautata masa. Abin da ya rage a faranti kada a bari a zubar. Wata doka ta 2025 a kan hana ɓarnar abinci ta ba mai saye damar tafiya da ragowarsa, sai ya ce "para llevar". Abin da addininmu ya kira almubazzaranci, su ma sun yi masa doka.

Mai hidimar da Musulmi ya yi wa tambaya cikin fara'a, ya gode masa, ya kuma kyautata masa, zai tarbi Musulmi na gaba da saninsa, wataƙila ma shi zai riga shi cewa wannan farantin akwai jamón a ciki. Wannan ma wani nau'i ne na kira zuwa ga Allah, a ƙasar da aka taɓa hukunta mutane saboda abin da suka ƙi ci.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga haram da shubuha, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.